Cin Tudu Biyu ko Neman Na Tuwo? Kuɗin Rashin Aiki da Kuɗin Naƙasa a Amurka

A Amurka, duk mai karɓar kuɗin rashin aiki sai ya sabunta maganarsa da gwamnatin jiharsa kowane mako ko mako biyu. Zai buɗe waya ko kwamfuta ya amsa 'yan tambayoyi: ko yana da lafiyar yin aiki a makon da ya gabata, ko a shirye yake ya karɓi aiki in an ba shi, da wuraren da ya nemi aikin. In amsoshin sun yi daidai, kuɗi su faɗa asusunsa. Cikin masu amsa waɗannan tambayoyi akwai wanda takardarsa ke kwance a ofishin gwamnatin tarayya, inda ya sa hannu cewa ciwon baya ko ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ya hana shi aiki, yana neman a sa shi cikin masu karɓar kuɗin naƙasa. A ofis ɗaya ya ce zai iya, a ɗayan ya ce ba zai iya ba.

Wannan ne ya sa 'yan siyasa da masu sharhi a can suka daɗe suna kiran abin cin tudu biyu, wasu ma suna kiransa damfara kai tsaye. Hukuncin ya yi gaggawa. Wanda ya bi dokokin biyu daki-daki zai ga cewa mutum na iya faɗin maganganun nan biyu ba tare da ya yi ƙarya ba, kuma abin da ke tura yawancinsu ga ofisoshin biyu rami ne da doka ta haƙa da hannunta, ta bar marar lafiya a ciki.

1. Asusu biyu, ma'auni biyu

Tsare-tsaren biyu daga gida ɗaya suka fito. Dokar Social Security da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 14 ga Agusta, 1935, ita ce ta kafa inshorar rashin aiki. Gwamnatin tarayya ce ta shimfiɗa ginshiƙi, amma kowace jiha ita ke tafiyar da nata tsarin, da harajin da masu ɗaukar ma'aikata ke biya. Shi ya sa abin ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha. Mafi yawansu suna biya har mako 26. Florida da North Carolina kan tsaya a mako 12 idan rashin aiki bai yi yawa ba. A Mississippi, komai girman albashin mutum a da, abin da zai samu ba ya wuce dala 235 a mako, alhali a Massachusetts yana iya haura dala 1,000. Sharaɗin da duk suka haɗu a kai shi ne mutum ya rasa aikinsa ba da laifinsa ba, yana iya aiki, yana shirye, kuma yana nema.

Inshorar naƙasa, wadda ake kira SSDI, sai a 1956 ta zo, zamanin Shugaba Eisenhower. Ita ta tarayya ce zalla, kuma daga aljihun ma'aikaci take fitowa: ana cire kashi 6.2 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kwatankwacin haka, a zuba a asusun fanshon tsufa da na naƙasa. Galibi babban mutum ba ya shiga sai ya tara maki 40 na aiki, 20 daga ciki a shekaru goman ƙarshe, kuma maki huɗu kacal ake iya samu a shekara. Saboda haka wanda ke neman wannan kuɗi ba bara yake yi ba, abin da ya tara yake nema. A 2024 matsakaicin abin da ake biya ya ɗan haura dala 1,500 a wata.

Akwai kuma tsari na uku, SSI, da aka kafa a 1972 aka fara biya a 1974, domin naƙasassu da tsofaffi marasa galihu, ko da ba su tara makin aiki ba. Shi talauci yake dubawa, kuma za a ga nan gaba yadda hakan ke canza lissafi.

2. Tsawon jira

Kafin a yi wa kowa hukunci, ya kamata a san tsawon lokacin da mai neman kuɗin naƙasa ke zaune hannu rabbana. Ko da hukumar Social Security ta amince da shi ranar da ya kai takarda, doka ta ce ba za a biya shi ko sisi ba na cikakkun watanni biyar na farko da kamuwarsa. Inshorar lafiya ta Medicare kuwa sai bayan wasu watanni 24 take zuwa ga mafi yawansu. A zahiri ma ba a amsawa da wuri. A 2023 da 2024, hukuncin farko kaɗai yana cin kimanin wata bakwai, kuma kusan biyu cikin kowane uku ana ƙin su a wannan mataki. Wanda aka ƙi yana da kwana 60 ya nemi a sake dubawa, in an sake ƙi ya nemi zama gaban alƙalin hukumar, daga nan majalisar ɗaukaka ƙara, daga nan kotun tarayya. Mutane da yawa sai a gaban alƙali suke cin nasara, bayan shekara ɗaya ko biyu da fara nema.

Ofishin binciken kuɗin gwamnati na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a 2020 da ya nuna cewa tsakanin 2008 da 2019 sama da mutum 100,000 sun rasu suna jiran hukuncin ƙarar da suka ɗaukaka, kuma kimanin 48,000 sun shelanta karyewar arziki a kotu tsakanin 2014 da 2019 suna cikin wannan jira. Mai gida ba ya ɗaga kuɗin haya don takarda na gaban alƙali, kamfanin wuta ma haka. Mutumin da aka sallama daga aiki saboda jikinsa ya fara gazawa, gaba kura ce baya sayaki: in ya ƙi karɓar kuɗin rashin aiki don kada a zarge shi, zai iya rasa matsuguni kafin hukunci ya fito, in kuma ya fasa neman kuɗin naƙasa, mako 26 na ƙarewa ya koma babu ko ɗaya.

Akwai wani lissafi da masu ƙorafi ba su cika yi ba. Wata biyar ɗin da SSDI ba ta biya, da wata shida da inshorar rashin aiki ke biya, kusan a kan juna suke faɗawa ga wanda ya bar aiki lokacin da ciwo ya kama shi. Ke nan ga mutane da yawa, watannin da kuɗin biyu ke haɗuwa a zahiri kaɗan ne, wani lokaci ɗaya tak.

3. Ko maganganun biyu suna karo da juna?

Nan ne zuciyar batun. A bakin mutane, naƙasasshe shi ne wanda ba ya iya komai. A dokar Social Security ba haka ba ne. Abin da ta ce shi ne mutum ya kasa yin aikin da ke kawo abin kirki, saboda ciwon da likita zai iya tabbatarwa, wanda ya kai ko zai kai wata 12, ko kuma zai zama ajali. An ma yanka wa abin kirkin nan adadi: dala 1,550 a wata a 2024, dala 1,620 a 2025, ga makafi kuwa ya fi haka. Kuma idan hukuma na auna sauran ƙarfin da ya rage wa mutum, tana auna shi ne da aikin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, a kai a kai. Mace mai ciwon gaɓoɓi da za ta iya zama a teburin karɓar baƙi awa uku da safe, amma ba za ta iya kai yamma ba, tana iya zama naƙasasshiya a wannan ma'auni. Jihohi da dama kuma suna barin mutum ya karɓi kuɗin rashin aiki yana neman aikin 'yan awoyi kawai. Ita wannan mata, da ta ce wa jiha tana neman aiki, ta ce wa tarayya ba ta iya cikakken aiki, duk gaskiya ta faɗa.

Shekaru ma suna shiga lissafi. Hukumar tana da jadawalin da ke haɗa shekarun mutum da iliminsa da irin aikin da ya saba. Lebura mai shekara 55 da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar kaya masu nauyi, ba shi da zurfin karatu, ba shi da wata sana'ar da zai juya ta zuwa wani aiki, idan likita ya ce yanzu sai aiki marar nauyi, jadawalin zai ce naƙasasshe ne. Mai shekara 50 zuwa 54 da ya koma sai aikin zaune, shi ma haka. Dokar da kanta ta yarda cewa zai iya aikin zaune, amma ta san da wuya tsohon lebura ya koma ma'aikacin ofis. To idan wannan mutum ya ci gaba da kai takardun neman aikin gadi ko na karɓar kuɗi a wurin ajiye motoci, ina ƙaryar take? Ƙoƙari yake yi, kuma ƙoƙarin marar lafiya na tsayawa da ƙafarsa abin yabo ne.

Kotun Ƙoli ta Amurka ta taɓa irin wannan tambaya a 1999, a shari'ar Carolyn Cleveland da kamfanin Policy Management Systems. Matar ta samu shanyewar ɓarin jiki, aka sallame ta, ta nemi kuɗin naƙasa, sannan ta kai kamfanin ƙara a ƙarƙashin dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990, tana cewa da an sassauta mata yanayin aiki da ta iya. Ƙananan kotuna suka ce ta yi baki biyu. Kotun Ƙoli, da bakin Mai Shari'a Stephen Breyer kuma ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba, ta ce maganganun biyu na iya zama tare, domin hukumar Social Security ba ta duba ko wanda ya ɗauki mutum aiki zai iya sassauta masa. Sai dai kotun ta ɗora wa mai ƙara nauyin bayyana yadda maganganun suka jitu. Shari'ar ba ta kuɗin rashin aiki ba ce, amma hujjarta ce babban alƙalin hukumar na wancan lokacin, Frank Cristaudo, ya dogara da ita a takardun da ya aika wa alƙalansa a 2006 da 2010. Ya ce karɓar kuɗin rashin aiki ba ya hana samun kuɗin naƙasa, abu ɗaya ne kawai cikin abubuwan da alƙali zai auna, kuma bai kamata a tilasta wa mutum zaɓen ɗaya ya bar ɗaya ba, ganin yadda neman kuɗin naƙasa ke da tsawo da rashin tabbas. A 2008 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tara, a shari'ar Carmickle, ta ce kuɗin rashin aiki ba sa rushe maganar mai nema sai in an nuna cewa cikakken aiki ya ce zai iya.

4. Inda haɗarin yake

Halacci ba ya nufin babu tarko. Alƙalin da zai saurari mai nema yana da ikon tambayarsa abin da ya rubuta wa jiha, da irin ayyukan da ya nema. Wanda ya ce ba ya iya ɗaga abin da ya kai kilo biyar, amma takardunsa suka nuna yana neman aikin gini ko lodin kaya a sito, ya zubar da amincinsa da kansa, kuma a shari'ar da rabinta maganar zafin ciwo ce da ba a gani da ido, aminci shi ne jari. Wasu alƙalan sukan ba mai nema shawarar ya matsar da ranar da ya ce naƙasar ta fara zuwa bayan ƙarewar kuɗin rashin aiki, abin da ke rage masa kuɗin baya da za a tara masa. Ta ɓangaren jiha kuma, in ta gano cewa mutum ba ya iya kowane irin aiki a makonnin da ya ce yana iyawa, za ta nemi kuɗinta, in kuma ta ce da gangan ya yi, dokar tarayya ta wajabta tarar da ba ta gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin ba. Wanda yake kwance a asibiti, ko likita ya hana shi aiki gaba ɗaya, ba shi da hurumin cewa yana shirye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a ƙasar da hukumomi ke musayar bayanai ta kwamfuta.

Dokokin jihohi ma ba ɗaya ba ne. A Minnesota, wanda ya nemi kuɗin naƙasa yakan buƙaci takardar likita da ke tabbatar da cewa yana iya aikin da ya dace da shi kafin jiha ta biya shi. Wasu jihohin suna rage kuɗin rashin aiki, ko su nemi a mayar musu da wani abu, idan kuɗin naƙasa suka fito daga baya suka rufe watannin da aka riga aka biya.

Lissafin SSI dabam yake. Tunda talauci yake aunawa, kuɗin rashin aiki ana ɗaukarsu kuɗin shiga ne, a yafe dala 20 na farko, sauran a cire su dala bisa dala. Mafi girman abin da tarayya ke biya wa mutum ɗaya shi ne dala 943 a wata a 2024, dala 967 a 2025, don haka mai karɓar dala 300 a mako daga jiha ba zai samu komai ba sai sun ƙare. Abin lura a nan shi ne dokar SSI da kanta tana umartar mai nema ya fara neman duk wani kuɗin da ya cancanta, har da na rashin aiki. Gwamnatin da ta tura mutum wani ofis ba ta da bakin zarginsa don ya je.

Ga Hausawan da ke zaune a New York da sauran biranen Amurka, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Gana, akwai wata matsala da ke gaban wannan. Wanda ya yi shekaru yana aikin da ake biya hannu da hannu ba tare da an cire haraji ba, bai tara maki ko ɗaya ba, kuma jiha ba ta san da albashinsa ba, don haka ƙofofin biyu a rufe suke gare shi ranar da jiki ya ƙi. Direbobin da doka ke ɗauka masu zaman kansu, a jihohi da yawa ba sa cikin inshorar rashin aiki, makinsu na naƙasa kuma ya dogara da kuɗin shigar da suka bayyana a takardar haraji. Wanda ya cancanta kuma bai kamata ya jinkirta kai takarda don kunya ko don jiran kuɗin jiha su ƙare ba. SSDI ba ta biyan kuɗin baya fiye da wata 12 kafin ranar nema, kuma kariyar da makin aiki ke bayarwa takan ƙare kimanin shekara biyar bayan barin aiki. Lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar ladansu sai an ci nasara, ladan kuma kashi 25 cikin ɗari ne na kuɗin baya, wanda tun ƙarshen 2024 aka ƙayyade kada ya wuce dala 9,200.

5. Hujjar masu ƙorafi

Masu cewa a hana haɗa kuɗin biyu ba su rasa abin faɗa ba. Suna cewa an kafa kowane asusu ne don maye gurbin albashin da aka rasa, kuma albashi ɗaya aka rasa, bai kamata a biya shi sau biyu ba. Suna nuni da cewa doka tana rage SSDI ga wanda ke karɓar diyyar rauni a wurin aiki, yadda jimillar ba za ta wuce kashi 80 cikin ɗari na albashinsa na da ba, amma ba ta yi haka ga kuɗin rashin aiki ba. A 2012 GAO ta ƙidaya mutum 117,000 da suka karɓi kuɗin biyu tare a shekarar kuɗi ta 2010, jimillar sama da dala miliyan 850. Gwamnatin Obama da ta Trump duk sun sa shawarar rage ɗaya da ɗaya a kasafin kuɗinsu, majalisa ba ta mayar da ita doka ba.

Amma alƙaluman nan suna da wata fuska. Mutum 117,000 ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfana da tsare-tsaren biyu ba, kuma a shekarar da rashin aiki ya kusa kashi 10 cikin ɗari, aka tsawaita biya har mako 99 a wasu jihohi. Da yawa daga cikinsu ma ba masu jiran hukunci ba ne, naƙasassu ne da suka koma ɗan aiki, abin da dokar kanta ke kwaɗaitarwa da wata tara na gwaji, sai aka sallame su kamar kowa. An biya musu harajin inshorar rashin aiki kamar yadda aka biya wa abokan aikinsu. Hana su kuɗin tamkar gaya wa naƙasasshe ne cewa in ya gwada aiki ya faɗi, shi kaɗai ne ba za a tare ba. Jihar Wisconsin ta yi wannan hani a 2013, a 2024 kuma wata kotun tarayya ta yanke cewa dokar tana nuna wa naƙasassu wariya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: akwai masu ƙarya, kuma doka ta tanadi hukuncinsu, amma tsarin da ke barin marar lafiya wata bakwai ko shekara biyu ba amsa shi ne ya fi kowa laifi.

6. Abin da ya kamata a gyara

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, domin wasu sun riga sun toshe wannan rami. A Jamus, sashe na 145 na littafi na uku na dokar walwalar jama'a ya tanadi cewa wanda ciwo zai hana shi aikin awa 15 a mako na fiye da wata shida, ofishin ayyuka zai biya shi kuɗin rashin aikin da ya cancanta yayin da hukumar fansho ke duba lamarinsa, da sharaɗin ya kai takardar neman jinya ko gyaran sana'a cikin wata ɗaya da aka umarce shi. Ba a buƙatar ya yi iƙirarin lafiyar da ba shi da ita. A cikin Amurka ma, jihohi biyar, California, New York, New Jersey, Hawaii da Rhode Island, wadda ta fara tun 1942, suna da inshorar naƙasa ta wucin gadi da ke riƙe ma'aikaci na wasu watanni. Ma'aikaci a sauran jihohin da ba su da irin wannan tanadi, in kamfaninsa bai saya masa inshora ba, kuɗin rashin aiki ne kaɗai reshen da zai riƙe.

Majalisar dokokin Amurka ta nuna cewa za ta iya idan ta so, domin a 2020 ta cire jiran wata biyar ga masu cutar ALS mai kashe jijiyoyi. Abin da ya rage shi ne ta faɗaɗa wannan sassauci, ta ba hukumar isassun ma'aikata don hukuncin farko ya daina cin rabin shekara da ɗoriya, ta kuma rubuta a doka ƙarara cewa mai jiran hukunci zai iya karɓar kuɗin rashin aiki gwargwadon ƙarfin da ya rage masa. In ana tsoron biya sau biyu, a daidaita lissafi a watannin da kuɗin suka haɗu bayan hukunci ya fito. Kafin a yi hakan, wanda ya tsinci kansa tsakanin ofisoshin biyu ya karanta dokar jiharsa, ya nemi aikin da likitansa ya yarda da shi kawai, ya ajiye takardar kowane wurin da ya nema, kuma ya gaya wa jiha da tarayya magana ɗaya game da abin da jikinsa ke iyawa da abin da ba ya iyawa.